Furen da ake yi wa gadi a Ingila

Malam, ka tambaya ko da gaske akwai furen daji da ake yi wa gadi a Ingila, kuma me ya hana a watsa irinsa kawai kowa ya huta. Da gaske ne. Sunansa Cypripedium calceolus, mai leɓe rawaya da siffar ɗan takalmi. A ƙarni na 19 masu sha'awar furanni suka yi ta tumɓuke shi suna kaiwa lambunansu, har a 1917 aka ɗauka ya ƙare a ƙasar. Sai a 1930 aka tsinci gindi ɗaya tak a yankin Yorkshire. Aka ɓoye wurin, daga baya kuma aka sa masu gadi, musamman lokacin da yake fure.

Batun shuka kuwa, nan gizo ke saƙa. Irinsa kamar ƙura yake, ba shi da ajiyar abincin da zai tsiro da shi, sai wani nau'in funfuna na cikin ƙasa ya ciyar da shi. Ko ya tsiro, yana shafe shekaru kafin ya yi fure. Shi ya sa tone shi a kai gida ya zama ɓarna.

Daga 1983 masana a lambun Kew na Landan suka duƙufa tsirar da irin a ɗakin gwaji, aka riƙa mayar da dashen daji. Dokar kare namun daji da tsirrai ta 1981 ta haramta tsinkarsa ko tone shi.