An ce mu koma da ita gida: shin jinya ta ƙare ke nan?

Tambaya: Likita, ina gaisuwa daga Rikkos a garin Jos. Mahaifiyata ta kusa shekara uku tana fama da ciwon dajin nono. An yi mata aiki, an yi mata allurar kashe daji, amma yanzu an ce ciwon ya shiga ƙashin bayanta. Makon jiya aka sallame mu, aka ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Ba ta barci saboda azaba, ga gyambon yana wari har masu dubiya sun fara tsayawa daga bakin ƙofa. Wani ya ce a nemi mofin, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi, amma baffanmu ya hana, wai maganin ƙarasa mutum ne. Shin babu sauran abin da asibiti zai yi mana? Me ya sa ba a bin irin waɗannan majinyata har gida?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Mama sauƙi, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Maganar da aka faɗa muku rabin magana ce. Mai yiwuwa gaskiya ne cewa ciwon ya wuce a warkar da shi, amma azabar da ke hana ta barci, da warin gyambo, da tashin zuciya, da fargabar da ke cin ranta, duk suna da magani, kuma akwai fannin likitanci da aikinsa ke nan, wanda za mu kira jinyar sauƙaƙa wahala. Ni kaina, lokacin ina sabon likita, na sha sallamar iyalai da irin wannan jawabi, ina ganin tausayi nake yi musu, alhali kuwa tura su nake su je su fuskanci mafi wuyar ɓangaren ciwon ba tare da komai a hannu ba.

Bari in fara da batun mofin, tunda shi ne ya raba kan gidanku. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa matakai uku na maganin raɗaɗin daji: ana farawa da irin su farasitamol, in bai isa ba a hau zuwa kodin ko tiramadol, in ciwon ya tsananta a kai ga mofin. Ciwon da ya shiga ƙashi yawanci ya wuce matakai biyun farko. Mofin ɗin da muke nufi kuwa na ruwa ne da ake sha da baki, ana auna shi da sirinji marar allura, ana farawa da kaɗan, ana ba da shi duk bayan awa huɗu ko da a ce ciwon ya lafa, domin jiran sai majinyaci ya fara kuka kafin a ba shi tamkar jiran gobara ta ci rufi ne kafin a ɗebo ruwa. Idan likita ne ya auna shi daidai da zafin ciwo, ya kuma duba lafiyar ƙodarta, ba ya gajarta kwana, kuma da wuya ya zama jaraba ga mai fama da irin wannan ciwo. A kwanakin farko yakan sa gyangyaɗi ko tashin zuciya, sannan su wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, saboda haka tun ranar farko ake haɗa shi da maganin sassauta ciki.

Ban ga laifin Baffa ba. Abin da jama'a suka saba gani shi ne ba a kawo mofin sai ana gargara, mutum ya sha yau ya cika gobe, sai a ɗora wa magani alhakin abin da ciwo ya riga ya gama. Ga kuma ɓarnar da kodin da tiramadol suka yi wa matasanmu, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, abin da ya sa hatta ma'aikatan asibiti ke ɗari-ɗari da duk maganin da ke cikin wannan dangi. Shawarata ita ce ku tafi da Baffa wurin likita ya ji da kunnensa, domin babba ya fi saurin sauka idan ba a gaban 'ya'ya aka nuna masa kuskurensa ba. Kada kuma a sayi mofin a kemis ko a hannun wani. Da takardar likita ake karɓarsa a manyan asibitoci, kuma a ajiye shi a wuri mai makulli.

Akwai abu ɗaya da ba ya jira. Idan ƙafafunta suka fara rasa ƙarfi ko mutuwa, ko fitsari ya tsaya, ko ya riƙa zuba ba ta sani ba, alama ce ciwon yana danne lakar baya, sai a koma asibiti a ranar. Ku kuma tambaya ko za ta iya tafiya a yi mata gashi da na'ura, irin wanda ake yi a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, domin sau da yawa zama ɗaya ko 'yan kaɗan kan rage ciwon ƙashi ƙwarai.

Shi gyambo, warinsa daga ƙwayoyin cuta ne da ke rayuwa a mataccen nama. Ana wanke shi a hankali da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, ba a gurzawa, kuma ma'aikatan jinya kan niƙa ƙwayar Flagyl su barbaɗa a kai kafin su rufe, cikin 'yan kwanaki warin ya ragu. Na taɓa shiga ɗakin wata dattijuwa da aka cika da hayaƙin turaren wuta har tana tari, ga jikokinta an hana su shiga. Bayan mako guda da fara wannan wankin na koma, na tarar da ƙaramar jikar a gefen katifa tana ba ta kunu da cokali. A riƙa juya Mama duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta ci mata baya, a jiƙa mata leɓe da baki, a rufe ta da kyau saboda sanyin Jos. Idan ta rage cin abinci kada a yi mata ɗura, domin jikin da ke gajiya ba ya buƙatar abin da mai lafiya ke buƙata, kuma ɗura kan sa abinci ya faɗa hanyar numfashi.

Tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan jinya kowace shekara, amma kusan kashi 14 cikin ɗari kawai ke samu. Fannin kansa ba tsoho ba ne: Cicely Saunders ce ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali na zamani na farko a Landan a 1967, ita ce kuma ta koyar da cewa ciwon mai jinyar ajali ya haɗa jiki da zuciya da iyali da imani. A Najeriya Ibadan ce ta yi gaba, inda Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta suka kafa sashen a asibitin koyarwa na can. Sai dai har yanzu aikin ya taru ne a manyan asibitoci, alhali yawancin mutanenmu a gida suke cikawa, kuma a gida suke so su cika.

Waɗanda suka ci gaba a wannan fanni ba da kuɗi suka fi mu ba. A Yuganda, Dakta Anne Merriman ta fara aiki a 1993 tana haɗa ruwan mofin daga gari mai arha, daga baya a 2004 ƙasar ta ba wa ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, domin likita ba ya isa kowane ƙauye. A jihar Kerala ta Indiya kuwa, maƙwabta ne 'yan sa-kai ke gano majinyata, ma'aikaciyar jinya ta riƙa zagayawa. A ganina gyaran da muke buƙata a Filato bai wuce wannan ba: kada a sallami majinyaci irin Mama sai da maganin ciwo a hannu, da takardar yadda za a sha, da lambar wayar da za a kira cikin dare, da sunan asibitin unguwa da zai ci gaba da duba ta. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, a sa maganin cikin tsarin inshorar lafiya. Masu zagayawa kuwa muna da su tuntuni. 'Yan agajin masallatai, da matan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da zumuntar mata ta coci-coci, duk suna zuwa dubiya ba tare da an biya su ba. Abin da suka rasa horo ne na 'yan kwanaki kan juya majinyaci da gane alamun haɗari, da kuma ba wa mai jinya dama ta runtsa, domin na san ke ma kin kwana biyu ba ki yi barcin kirki ba.

Wani abin da muke yawan kuskurewa shi ne ɓoye wa majinyaci halin da yake ciki. Ba na cewa a je a yanke mata kwanaki, wannan sanin na Allah ne. Amma ki zauna kusa da ita ki tambaye ta yadda take ganin jikin nata, ki bar ta ta kai maganar inda take so. Da yawa sun riga sun sani, shiru suke yi don kada su tayar da hankalin 'ya'yansu, alhali akwai bashin da suke so a biya, da wasiyya, da wanda suke so a kira su yafi juna.

Gobe da safe ki koma asibitin da ya sallame ku da katinta, ki nemi ganin likitan daji ko na sashen kula da raɗaɗi, ki ce kin zo ne a tsara mata maganin ciwo na gida. Ki tafi da ɗan littafi da kika rubuta lokutan da ciwon ke tashi, da inda yake, da duk abin da take sha har da na gargajiya, domin da shi likita zai san adadin da zai fara mata.