Tambayi Likita: Haƙorin da anka dasa min ya fara motsi

Tambaya:

Salamu alaikum likita, ina gajiya. Ni ɗan kasuwa ne nan Tawa, shekaruna 52. Shekara ukku ke nan anka dasa min haƙori guda na ƙasa, wanda ake ce ma implan, a wata kilinik can waje lokacin da na tahi sarin kaya, kuɗi masu yawa na kashe wallahi. To tun bayan sallar layya in na yi burushi sai in ga jini, uwargida ta ce bakina ya canza wari, yanzu kuma in ina cin kilishi sai in ji shina ɗan motsi. Ba ya ciwo ko kaɗan. Na sayi amoksisilin wajen masu talla na sha, na sa kanumfari, shiru. Ina da sukari, ina ɗan taɓa sigari. Mi ya kamata in yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Abu na farko dai a daina taunawa ta wannan gefen, kilishin nan a ba yara, kuma don Allah kar ka riƙa taɓa shi da harshe ko yatsa kana gwada ko ya ƙara motsi, na san kana yi, kowa ma yana yi.

Abin da aka sa maka kashi uku ne. Akwai ƙusar ƙarfe ta titaniyom da aka ɗaura cikin ƙashin muƙamuƙi, akwai ɗan abin haɗi a kanta, sannan farin haƙorin da kake gani a madubi, shi kamar hula ne kawai. Wani likita ɗan Suwidin mai suna Brånemark shi ya gano ƙashi yana manne ma wannan ƙarfe, ya fara dasa ma mutum a 1965, kuma mannewar kan ɗauki wata 3 zuwa 6. Tambayar da zan so a amsa kafin komai ita ce, wa ke motsi, hular ko ƙusar? In ɗan notin da ke riƙe hular ne ya kwance, aikin 'yan mintuna ne, a ɗaure ko a canza shi ka koma kasuwarka. In kuwa ƙusar ce da kanta ke girgiza cikin ƙashi, ba zan ɓoye maka ba, babu allura ko ƙwayar da za ta sake manna ta, sai dai a cire.

Jinin da warin su suka fi damuna. Datti da ƙwayoyin cuta kan taru a wuyan ƙusar, dasashi ya kumbura ya riƙa jini, a wannan matakin in aka wanke da kyau yana komawa daidai. In aka bari sai ciwon ya sauka ya fara cin ƙashin da ke riƙe da ita, kamar yadda ruwan damina ke cin gindin katangar laka, sama tana tsaye lafiya lau ƙasa ta zaizaye. Ka ce ba ya ciwo, ai nan yaudarar take, ƙarfe ba shi da jijiya irin ta haƙorin da Allah ya halitta, shi ya sa mutane da yawa ba sa zuwa sai ƙashi ya tafi. Ga sigari ga sukari, su biyun nan suna hana dasashi warkewa, kai kuma ka haɗa su.

Amoksisilin ɗin da ta sha rana a tiren mai talla, a bar ta. Ko ta farmasi ce ba ta kankare dattin da ya manne jikin ƙarfe, sai an sa hannu. Ka samu likitan haƙori wanda ya saba da aikin dashe, in babu a kusa ka daure ka hau mota zuwa Yamai, a yi maka radiyo, wato hoton ƙashi, a ga iya ƙashin da ya rage, a auna zurfin ramin dasashi. In ƙusar na nan daram za a wanke kewayenta, a ba ka ruwan kuskure baki na kuloreksidin kamar sati biyu, kar ka zarce don yana rina haƙora. In ramin ya yi zurfi sai a ɗan tsaga dasashin a wanke har ƙasa, wani lokacin a cike gurbin da garin ƙashi. In an cire kuma ba ƙarshen zance ba ne, ana jira wurin ya warke wasu watanni a sake dasawa, ko a yi maka gada, wato haƙorin da ake maƙalawa a jikin haƙoran gefe, ko na cirewa da sakawa mai sauƙin kuɗi. Amma ni dai ba zan ba ka shawarar sake dashe ba sai sukarinka ya daidaita ka kuma aje sigari, in ba haka ba kuɗin ne za su sake bin ruwa.

Sai abu guda da masu zuwa dashen haƙori a waje ke mantawa, kowane kamfani da irin notinsa da makullin kwance shi. Ka duba cikin takardunka ko sun ba ka ɗan kati mai sunan marka da lambar ƙusar, in babu ka tura musu saƙo ta WhatsApp su aiko maka tun kafin ka yanki tikiti, kar ka yi tafiyar sama da kilomita 500 a ce maka ba a da makullinta. In kuma fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ko leɓenka ya mutu, kar ka jira kati, ka je asibiti ranar.