Amsar tambayarka kan rumbun da babanka ya ƙi buɗewa

Ɗana, saƙonka ya iso, na saurari wanda ka yi da murya ma har ƙarshe duk da tsawonsa. Kana tambaya wai me yasa babanka ya toshe rumbun gero tun kaka ya ce ba mai taɓawa sai damina ta kankama, alhali gero na tsada a kasuwar Hadejia kuma ana bukatar kuɗi a gida, har kana cewa ko camfi ne irin na mutanen da. Toh ba camfi bane, kuma ba babanka ya ƙirƙiro ba, haka muka taso muka tarar a Auyo, mu ma haka muka yi ta ƙorafi muna samari.

A tsarin gandu in an gama girbi an fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma in noman ruwan sama ne, sai maigida ya ware na ci, sauran ya zuba a babban rumbu a liƙe bakin da laka a ɗora jinka. Samari su tafi cin rani, kaga bakin da ke ci ya ragu kenan, mata su yi ta lallaɓawa da ɗan abin da ke hannunsu. Ba a fasa wannan rumbun sai an yi shuka ta tsira an shiga noman farko, lokacin da ake bukatar tuwo mai nauyi don masu riƙe da fartanya. Kuma lura, da zangarniyarsa ake ajiye shi ba a sussuke ba, saboda geron da ke jikin zangarniya yana shekaru ƙwari basu cinye shi ba, wanda ka sussuke ka ɗura a buhu kuwa sai dai ka yi ta sa magani. Ana kuma ɓoye iri, zangarnun da suka fi cika, a ɗaure su daban.

Dalilin kuwa yunwa ce. Kakarmu Allah ya jiƙanta bata san shekarun haihuwarta da lamba ba, sai dai ta ce an haifi wane bayan Ƙaƙalaba, wance kuma shekarar 'Yar Buhu. Ƙaƙalaba ita ce ta 1913 zuwa 1914, ruwa ya ɗauke a ƙasar Hausa kusan gaba ɗaya har Damagaram, ga Turawa basu fasa karɓar haraji ba, mutane suka sai da hatsi suka biya sannan abin ya rutsa da su. Har gidan tururuwa aka dinga tonawa ana kwashe ƙwayar da suka tara a wanke a dafa. 'Yar Buhu 1927 ce. Wanda ya ga wannan da idonsa kai ma ka san ba zai yarda rumbunsa ya zama fanko a watan bazara ba, ko nawa za ka ba shi.

Wadda na gani ni da kaina ita ce ta 1973. Hadari zai haɗo baƙi ƙirin daga gabas kowa ya kwashe shanya, sai iska ta taso ta watse shi, ƙura kawai. Shuka aka yi ta mutu aka sake ta mutu, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Aka fita bayan gari sallar roƙon ruwa, liman ya juya mayafinsa mu ma muka juya rigunanmu, tsofaffi na kuka wlh, yara na bin gida gida ana basu sadakar gumba. Shanun Fulani suka dinga faɗuwa a hanya, saniyar da a da sai mai hali, ta koma kuɗin fatarta kawai ake bayarwa, Buzaye suka gangaro daga arewa da iyalansu ba raƙumi ba akuya. A gidanmu tafasa da yaɗiya da dusa sun shiga tukunya sosai, amma dai ba a kwana biyu ba a ɗora ba, saboda kakanku yana da tsohon gero a rumbu wanda shekarar da ta gabata 'yan uwansa suka yi ta masa tsiya a kansa suna ce masa marowaci. Su ɗin ne suka dawo da ƙwarya suna sallama da daddare don kar a gansu. Ta 1984 ma ta taɓa mu, amma ta fi tsanani a Nijar, can har El Buhari suke ce mata don ta zo daidai da rufe boda da gwamnatin Buhari ta yi.

Sai dai fa abin da zan faɗa maka wanda babanka baya son ji, masifar garinmu ta canza kama. Da fari muke tsoro, yanzu ruwa. Kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974 kogin Hadejia yana da lokacinsa, ya cika a Agusta ya malale fadama ya bar mana danshi da kifi, ya janye da rani har ka taka yashi ka tsallake. Da aka tare shi, aka ƙara na Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudu rani da damina, noman rani ya samu, shinkafa da alkama sun kawo kuɗi ban musa ba, amma ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ga tsuntsayen jan baki da ke kwana a cikinta su wayi gari a gonar mutum. In damina ta yi ƙarfi dam ya cika aka saki ruwa, bashi da hanyar wucewa sai gonaki da gidaje. Haka aka yi a 2001, aka maimaita 2018 da 2020, ta 2022 kuwa kai ma kana gari ka ga yadda samari suka kwana suna ɗura yashi a buhu ana jinga, mutane suka koma makarantun firamare da kan titi da tabarminsu.

Rumbun laka ko an ɗora shi kan duwatsu, in ruwa ya kwana a gindinsa narkewa yake kamar sabulu, geron ya jiƙe ya tsira a ciki. Na san gidajen da suka yi biyayya ga al'adar tsaf basu taɓa ko zangarniya ɗaya ba, ruwa ya zo ya ci na shekara biyu a dare ɗaya. Rumbun babanka kuma a kwari yake, bayan gida wajen tsohuwar rijiya, na sha faɗa masa.

Don haka kar ka je masa da maganar sayarwa, ba zai ji ba kuma yana da gaskiya, in kuɗi ake so ga shinkafa ga riɗi, su dama don kasuwa ake nomansu. Ka je masa da maganar wuri. A raba geron biyu, rabi a kai gidan goggonka da ke kan tudu tun kafin watan bakwai, irin kuma a rataye shi a ɗaki can sama kusa da rufi. In ka ce ni na ce zai yi faɗa, ka bari sai ya ci tuwon dare ya sha ruwa tukuna, kuma kuɗin amalanken da zai kwashe ni zan biya. Ka gaida mamanka da jiki.