Kafin ka bi su Mole, sun ba ka ko pesuwa?

Na ga saƙonka yarona. Ka ce wasu mutanen Akra sun neme ka a WhatsApp suna so ka bi su Mole, gandun namun dajin nan na arewacin Gana, da garin Larabanga da ke kusa da shi ka ɗauka musu hotunan daji, kana tambayata wane les, wato gilashin bakin kyamara, za ka riƙe da yadda za ka saita kyamara in giwa ta fito. Haba! Duk zaman da ka yi a shagona na ɗaukar hoto a Aboabo nan Kumasi sai yau zan koya maka saitin haske? Ai ko yaron da ke share mana shago ya san wannan. Ka ɗauki dogon les ɗin nan mai kai milimita 300 da batir na biyu, shikenan. Abin da ya dame ni shi ne ko sau ɗaya ba ka ambaci kuɗi ba.

Wani mutum ya taɓa zuwa min shago, babbar riga, ƙamshin turare, wai yana da kamfanin kai baƙi yawon buɗe ido, yana son hotunan Mole na kalanda da talla. Ya ce in yi komai da aljihuna in na dawo a haɗa lissafi gaba ɗaya, har ya kira sunan wani dattijo na zango da nake jin kunyarsa, ya rantse. A lokacin hanyar Fufulso zuwa Damongo, wadda ake bi zuwa Mole, ba kwalta, sai wajen 2015 aka gama ta, jar ƙasa ce mai gargada wadda in ka sauka daga mota uwarka ma sai ta ƙura maka ido kafin ta gane ka. Na bar Kumasi kafin asuba, Techiman, Kintampo, na tsallake gadar Buipe, kuɗin mota ni, ɗaki ni, kuɗin ƙofa da na mai gadin daji duk ni.

Hunturu ne, ruwa ya janye ko'ina, lokacin ne giwaye ke tilasta wa kansu zuwa tafkin da ke ƙarƙashin tudun masauki. Da sassafe muka gangara a ƙafa bayan mai gadi da bindigarsa, ƙudan tsando na huda ni ta cikin riga, leɓena ya tsage, na tsuguna gwiwata ta mutu ban motsa ba. Sai ga wani toron giwa ya fito daga ruwa jikinsa baƙi wuluk yana sheƙi, ya ɗebi jar ƙasa da hanci ya watsa a gadon bayansa, rana ta ratso hazo ta bugi ƙurar nan ta koma kamar garwashi, balbelu suka tashi a gefensa. Na danna. Wallahi tunda nake riƙe kyamara ban sake samun irin wannan ba, kuma na san aikina, ba kowa ne zai jira wannan daƙiƙar ba.

Da na dawo mutumin ya zo yana ta masha Allah, Masta hannunka daban ne, ya ce in zuba masa duka a na'urarsa ya nuna wa abokan hulɗarsa, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai kawo kuɗi. Juma'ar da har yau ba ta zo ba kenan. Waya a kashe, ofishin da ya kwatanta min wani ne a ciki yana sayar da taya. Shekara ta juyo na shiga wani shago a Adum, sai ga giwata rataye a bango cikin kalanda, an yanke gefen hoton, an rubuta sunan wani a ƙasa. Na je gun lauya, ya ce e akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2005 kuma tana bayana, amma ina shaidar yarjejeniya, kuma a ina za a kamo shi? Manya suka taru suka ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah amma ban yafe ba, ka ji na faɗa maka.

Don haka rabin kuɗi ya shigo momo ɗinka, wato asusun kuɗi na wayarka, kafin ka sa ƙafa a motarsu. Mota, ɗaki, abinci, kuɗin shiga daji duk a wuyansu. Su rubuta maka a WhatsApp ɗin nan abin da za su yi da hotunan, na ajiye wa kai daban ne na talla daban ne, farashinsu ba ɗaya ba. In kun dawo ƙananan kwafi za ka tura da sunanka a tsakiyar hoto, asalin fayil kuwa ba ya fita hannunka sai an cika. Ku yaran yanzu matsalarku kenan, a ce muku "za mu tallata ka a Instagram" sai ku washe baki ku miƙa komai, kamar layik ne zai saya muku sabon les in wannan ya faɗi.

Sauran kuma ka sani. Kar ka buɗe kyamara ka canza les cikin ƙurar hunturu, kar ka sa baƙin kaya ko shuɗi mai duhu don su tsando ke bi, kar ka wuce inda mai gadi ya tsaya ko da hoton na kiranka. Jakarka kar ta bar kafaɗarka a wajen masauki, gwaggon biran can ba sa tsoron mutum. A Larabanga ka gaida mutanen gari ka nemi izini kafin ka nuna wa tsohon masallacinsu kyamara.

Gobe bayan azahar ka zo shago ka nuna min saƙon momo da idona. In babu, les ɗina ba zai bar Aboabo ba, sai dai ka je da wayarka.