Tambaya da Amsa: Wai wacce ce Blue Monday ta asali?

TAMBAYA: Salam yaya, ni ɗan DJ ne ina ɗan taɓa kiɗan biki a nan Kaduna, akwai wata tsohuwar waƙar Turawa mai suna Blue Monday da na tsinta a cikin kasakasan kawuna, kiɗan ya shige ni sosai sai na je YouTube in nemo ta, kawai na ga kala-kala, wata minti bakwai da wani abu wata minti huɗu wata kuma sai ka ce ba ita ba ce sam. Don Allah wacce ce ta gaskiyar, kuma sauran jabu ne ko kuwa? Daga ƙaninka mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina, ai ka ɗauko da zafi. Doguwar nan mai minti bakwai da rabi ita ce uwar, sauran duk 'ya'yanta ne, kuma ba jabu ba ne, da sanin masu waƙar aka yi su.

Masu ita ƙungiyar New Order ce ta birnin Mancesta a Ingila, su huɗu, Bernard Sumner da Peter Hook da Stephen Morris sai mace ɗaya Gillian Gilbert. Da can mazan uku suna cikin wata ƙungiya Joy Division, to da mawaƙinsu Ian Curtis ya mutu a 1980 sai suka sauya suna suka fara karkata daga jita zalla zuwa kiɗan inji, irin salon da ake kira new wave, wanda ya biyo bayan hayaniyar punk. A watan Maris na 1983 suka saki Blue Monday a kamfanin Factory, a kan babban faifan garmaho mai faɗin inci 12 wanda dama don 'yan DJ da gidajen rawa ake buga shi, kuma har yau ita ake lissafawa a matsayin wadda ta fi kowace ciniki a irin wannan faifan.

Ka sake kunna ta ka kasa kunne a farkon, ba komai sai dukan ganga tsirara, dum dum dum sannan ta yi wani irin sassarfa kamar ana ɓarin wuta, ba mutum ne ke dukan ba wata na'ura ce Oberheim DMX, sannan kiɗan fiyanon lantarki ya shigo a hankali kuma in kunnenka na aiki za ka ji bai zauna daidai a kan gangar ba, ya ɗan goce, kuskure ne aka yi wajen saita na'urar suka ji ya yi daɗi suka bar shi a haka. Sai an haura minti biyu kafin ma a ji muryar mutum, babu amshi, kuma sunan waƙar ko sau ɗaya bai fito a baitukan ba. Hatta kwalin faifan abin kallo ne, Peter Saville ya yi shi kamar tsohon faifan kwamfuta na filofi har da hujojinsa, babu sunan ƙungiyar a rubuce a gaba, kuma an sha ba da labarin cewa tsadar yanka kwalin ta sa da farko asara kamfanin ke tafkawa a kan kowane faifai.

Mai minti huɗun kuwa ta 1988 ce, Quincy Jones ne ya jagoranci rimiks ɗin, wato sake haɗa sautin waƙar, eh shi dai wanda ya haɗa wa Michael Jackson Thriller, kamfaninsa Qwest ne ke sayar da kayan New Order a Amurka. An datse ta an ƙara mata kayan ado don ta shiga rediyo, kuma ta fi uwar hawa a jerin waƙoƙin Ingila, ta kai ta 3 alhali ta asalin a ta 9 ta tsaya. Ni dai gaskiya ba ta kwanta min ba, an cika mata gishiri, wancan jiran na farko da ke sa jikin mutum tsuma shi aka yanke.

Wadda ka ce kamar ba ita ba ina kyautata zaton ta 1995 ce ta 'yan Jamus ɗin nan Hardfloor, ko kuma ka faɗa kan wadda ƙungiyar Orgy ta Amurka ta sake rerawa da jita mai ƙara a 1998, wannan kam ba rimiks ba ce maimaici ne.

Tunda sana'a kake yi, ɗauki doguwar, gangar farkon nan fili ne aka ba ka ka ɗora ta a kan wutsiyar waƙar da ke ƙarewa ba tare da 'yan rawa sun tsaya ba, saurinta wajen bugu 130 ne a minti. Amma fa kar ka sako ta lokacin da iyaye mata ke tsakiyar liƙi, bari sai an rage daga kai sai abokan ango.