Amsa: Ɗacin miyar gumbo

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da ya sa miyar gumbo (wata miya ce da ake yawan sa wa kuɓewa) da kika dafa bisa rubutun kakar mijinki, mutuniyar Luwiziyana a kudancin Amurka, ta yi ɗaci. Fulawar da kika fara soyawa a mai ce ta ƙone, kuma ba ta da gyara sai a zubar a sake.

Tsofaffin can ba su cika rubuta lokaci ba, domin da ido da hanci suka koya a gindin murhu. Ki auna mai da fulawa daidai wa daida, ki rage wuta, ki yi ta juyawa kamar minti 40 har ta yi launin cakulan. Ni kam da zarar na ga baƙin ɗigo a ciki, ba na asarar kuɓewata a kanta.