Amsa ga ƙanenmu da ke tambayar lasin tuƙin jirgin ruwa

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce shekara shida kana yaron jirgi, yanzu an fara sakar maka inji, kana son lasin, kuma wani ya ce ka kawo kuɗi da hoto zai kawo maka takarda har gida. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ramin da na faɗa ke nan.

Kar ka ba shi ko sisi. Ni ma haka wani ya same ni a bakin kwata a Yawuri, da babbar riga da jaka a hammata, yana kiran sunayen manya kamar tare suke kwana. Na sayar da raguna biyu na ba shi. Bayan sati uku ya kawo min takarda mai hatimi, na sa a leda na ɓoye a aljihu kusan shekara biyu ina jin ni ma direba ne. Ranar da aka zo duba takardu, jami'in ya juya ta gaba da baya ya ce, "Malam, wa ya ba ka wannan?" A gaban fasinjoji, a gaban yaran da nake koya wa aiki. Mutumin kuwa har yau ina ganinsa a kasuwa, ya miƙo min hannu mu gaisa, ko kunya babu. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ka taka da ƙafarka zuwa ofishin NIWA mafi kusa da kai. Ita ce hukumar da ke kula da koguna da tafkuna tun 1997, hedikwatarta na Lokoja. Ka tambaye su da bakinka abin da za ka kawo, duk abin da ka biya ka karɓi rasit. Kuma ka sani rajistar jirgi daban, lasin direba daban. Maigidanka na iya nuna maka takardar jirginsa ya ce ta wadatar, ba ta wadatar da kai ba. In kuma teku kake hange, Legas ko Fatakwal, to wannan hanyar NIMASA ce, hukumar da ke kula da harkar jiragen teku, da karatu irin na makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron a Akwa Ibom da gwajin lafiya. Kar ka haɗa su.

Abin da ya fi takardar bogin ci min rai shi ne maigidana na lokacin. Ya san ba ni da ta gaske, sai ya riƙe ni da ita. Wata ranar kasuwa ya loda buhunan masara, ya ɗora babura huɗu, ya zuba mutane har bakin jirgi na sumbatar ruwa. Na ce ya yi yawa, magariba kuma ta kawo kai. Ya ce in ba zan tuƙa ba akwai yara goma da ke jira, kuma wa zai ɗauke ni babu takarda? Na tuƙa. Kun san tafkin Kainji, itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama dam a 1968 kututtursu na nan a ƙasa. Muka hau ɗaya cikin duhu. Katako ya tsage, ruwa na shigowa, wata mata ta ɗaga jaririnta sama tana salati. Har yanzu ina jin muryarta in na kwanta. Masunta ne suka jiyo ihu suka zo da kwale-kwale, Allah ya sa ba a rasa rai ba. Shi kuwa da safe tambayarsa ta farko ita ce ina masararsa.

Da jirgin Warra ta jihar Kebbi ya nutse a watan Mayun 2021 da mutum sama da 150 a ciki, kwana uku ban iya cin abinci ba, don na san yadda ake kaiwa ga haka.

Kafin ka je, ka koyi abin da ruwa bai koya mana ba: jar fitila a hagun jirgi, koriya a dama, in kun yi gaba da gaba da wani jirgi kowa ya riƙe damansa. Dokar hana tafiyar dare, daga shida na yamma zuwa shida na safe, ka riƙe ta ko fasinja zai zage ka. Rigar kariya kai ka fara sawa, sai fasinjoji su ji nauyin ƙi. Ka iya cire kainuwa daga farfela da hannunka, ka riƙa ajiye fulogi na biyu. Kuma don Allah in ba ka iya iyo sosai ba ka faɗa, direbobi da yawa na ɓoye wannan.

In karatun boko ne ke ba ka tsoro, ni ma firamare kawai na yi, ɗan ƙanwata ne ya riƙa karanta min. Ka faɗa min ta wace kwata kake lodi, in kusa ne ni zan raka ka ranar da za ka.